Darasi Na 14: Raba Kalmomin Aiki Gaɓa-Gaɓa

Kalma kamar karan dawa take. Kara yana da gaɓoɓi, kalma ma haka. Wanda ya iya raba ta, ba za ta gagare shi ba kome tsawonta. Yau za mu raba kalmomin aiki, wato masu faɗa mana abin da aka yi.

Kowace gaɓa tana da wasali. Mu faɗa tare, muna tafawa:

no-ma, sa-ya, ru-bu-ta, ka-ran-ta

Mu lura da abu 3.

1. Ba a raba sh da ts da kw da ƙy, don murya ɗaya suke bayarwa: shu-ka, tsa-ya, kwa-na, ƙya-le.

2. Ba a raba ai da au: ai-ka, ɗau-ka.

3. In baƙi iri ɗaya ya zo biyu a jere, sai a raba su. Ɗaya ya rufe gaɓa, ɗaya ya buɗe ta gaba: kak-ka-ma, yay-yan-ka, sas-sa-ya. Wannan ninki yana nuna yawa. "An kama akuya," akuya ɗaya ke nan. "An kakkama awaki," da yawa ke nan.

To, ga wurin da masu karatu suke tuntuɓe. Wani wasali a kan ja shi, wani ba a ja. Masu ajami sun san haka, don su kan sa alif ko wau ko ya su nuna ja. Amma boko da ake buga littattafai da shi, aka kuma buga jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda aka fara a Zariya a 1939 da shi, ba ya nuna ja. Mu duba:

Ladi ta dafa wake. Ladi ta dafa kafaɗar Kande.
Tanko ya fasa tulu. Tanko ya fasa tafiya Samaru.

A na wake da na tulu ba ma jan gaɓar farko. A na kafaɗa da na tafiya muna ja. Rubutu ɗaya, ma'ana biyu.

Ƙaramar kalmar nan ya ita ma haka take. A ce ɗanka yana aiki a Sabon Gari, ya aiko takarda Zabi. "Ƙanena ya kawo kuɗin," in ka ja ya, kuɗi sun isa. "A ce wa ƙanena ya kawo kuɗin," ba a ja, kuɗi ba su isa ba tukuna. Wanda ya yi gaggawa sai ya haɗa 'yan'uwa rigima a banza. Saboda haka mu karanta magana har ƙarshenta kafin mu yanke ma'ana.

Aiki

1. Ku raba waɗannan a allo: girbe, sussuka, tambaya, rurrubuta.
2. Kowa ya rubuta magana 2 da fasa, ya karanta wa na kusa da shi.