Ƙunar Wuta a Jikin Yaro: Taimakon Farko da Lokacin Miƙa Shi Babban Asibiti

Daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hunturu ya kankama a ƙasar Damagaram, yara kan matso kusa da murhu, ga tukunyar kunu ko ruwan wanka a ƙasa. Fatar ƙaramin yaro ba ta da kauri. Ruwan zafin da zai bar wa babba ja kawai, shi yana iya saɓule masa fata.

Uwa, da zarar abin ya faru, ki kwarara ruwa mai tsabta, mai ɗan sanyi, a kan wurin har minti 20. Ban da ƙanƙara. Ki cire masa awarwaro da guru tun wurin bai kumbura ba, amma tufar da ta manne da fata a bar ta. Sannan a rufe da ƙyalle mai tsabta, a lulluɓe sauran jiki. Mun san akwai masu shafa toka, ɗanyen ƙwai, man goge baki, har da kashin shanu, kuma da kyakkyawar niyya suke yi. Sai dai waɗannan ƙazanta suke kaiwa cikin ciwo, wani lokaci har da cutar tetanos. Bororon da ya taso ma kada a fasa shi.

Ku masu faɗakarwa na gari, ga ma'auni mai sauƙi: tafin hannun yaron tare da yatsunsa ya kai kimanin kashi 1 cikin 100 na fatar jikinsa. Ƙunar da ta wuce tafi 10 ta fi ƙarfin gida, domin ruwan jiki yana tsiyayewa ta wurin har jini ya kasa zagayawa. Haka nan wadda ta taɓa fuska, hannu, ƙafa, gaɓa ko al'aura, ko ta zagaye hannu kamar munduwa, ko yaro ya shaƙi hayaƙi muryarsa ta dushe. Wurin da ya yi fari ko baƙi, ya bushe, yaro bai jin zafinsa, shi ya fi muni, don wutar ta ci jijiyoyi.

A fara da asibitin CSI mafi kusa. Can za a rage masa zafi, a ɗaure ciwon, a ba da takardar turawa zuwa asibitin gunduma kamar na Mirriya, Magariya ko Matamai, ko kuwa Babban Asibitin Zinder. Tun 2006 dokar Nijar ta tanadi magani kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5. A faɗa wa likita ƙarfe nawa abin ya faru, domin daga wannan lokaci ake lissafin ƙarin ruwa, a kuma faɗi abin da aka shafa ba tare da jin kunya ba.

Yaro mai tamowa kuwa, ko ƙunar kaɗan ce, a kai shi ranar. Sanyi yakan kama shi da wuri, sukarin jininsa ya faɗi, jikinsa kuma ba ya da abin gina sabuwar fata. A hanya a ci gaba da ba shi nono, a riƙe katinsa na shirin abinci don ma'aikatan CRENI su gani. Bayan sallama, a ƙara masa ƙwai, wake, gyaɗa da madara, a riƙa motsa yatsun da suka ƙone yadda likita ya nuna, kada tabo ya ƙanƙance su.