Gyaran Fili Kafin a Kafa Ginin Ƙarfe

Masu-karatu, wanda ya bi hanyar Zariya ta Gyaɗi-Gyaɗi, ya ratsa Tarauni zuwa Unguwar Gano, za ya ga rumfunan ƙarfe da rufin kwano ko'ina: ɗakunan ajiya, garejin makanikai, makarantu, har da wuraren taro. Mutane suna son irin wannan gini domin yana tashi da sauri. Amma akwai abu ɗaya da ya kamata mu sani tun da fari. Magini mai bulo yana iya gyara kuskurensa yana cikin aiki, ya ƙara siminti nan, ya rage can. Ƙarfe kuwa an riga an yanke shi bisa ga awo a wurin mai walda. Idan fili ya karkace, sai a gyara filin, gama ƙarfen ba za ya miƙe dominka ba.

Tambaya ta fari ita ce, mene ne a ƙarƙashin filin? A Kano wannan ba ƙaramar tambaya ba ce. Kakanni sun haƙi ƙasar gini a cikin unguwanni, ramukan suka zama kududdufai. Da gari ya cika, aka riƙa cike su da shara da toka da leda, aka zuba jar ƙasa a bisa, aka yanka filaye. Ido ba ya rarrabe irin wannan fili da na kirki. Na san wani ɗan'uwa wanda ya kafa ɗakin ajiya a kan tsohon kududdufi bai sani ba. Damina biyu kaɗai, ginshiƙi ɗaya ya nutse, daɓen ya tsage, ƙofa ta ƙi rufuwa. Kuɗin gyara ya fi kuɗin da za ya kashe wajen bincike nesa ba kusa ba. Saboda haka ka tambayi mai unguwa da dattawan da suka daɗe a wurin. Sa'an nan ka sa a haƙa rami a kowace kusurwa da tsakiya, kamar ƙafa 4 ko 5. In diga tana fito da baƙar ƙasa mai wari da tsumma da leda, kada ka ci gaba sai injiniya ya duba.

Maganar takarda gajeriya ce. Tun dokar filaye ta 1978 filin birni yana hannun gwamna, izinin gini a Kano kuwa daga hukumar KNUPDA ya ke fitowa. Ka samu izinin, safiyo ya nuna maka iyaka, ka dubi wayar lantarki a sama da bututun ruwa a ƙasa, tukuna a sa diga.

Sai a kwashe ƙasar sama duka, da saiwoyi da gidan gara, har a iske ƙasa mai tauri. In za a yi ciko, a kawo marmara. A nan ne leburori su kan yi gaggawa, su juye tifa guda su baje, su ce an gama. A'a. A zuba kauri inci 6, a yayyafa ruwa, a daɓe sosai, kana a ƙara wani. Cikon da ba a daɓe ba, damina ce za ta daɓe shi, gini yana bisansa.

Yanzu ga ruwa. Ruwan Kano yana zuwa ne tsakanin Yuni da Satumba, mafi yawa a Agusta. Manya ba su manta da Agustan 1988 ba, sa'anda dam na Bagauda ya fashe. Mu yi lissafi kaɗan. Rufi mai tsawon mita 20 da faɗin mita 10, in aka yi ruwa milimita 50 a dare ɗaya, za ya zubo da lita 10,000, wato durom 50. Ina za su bi? Sai daɓen ginin ya ɗara titi tsawo, ƙasa kuma ta gangara daga jikin gini kamar inci 6 cikin ƙafa 10 na fari, a kai ruwan lambatu. Kada ka juya shi gidan maƙwabci. Rigima da yawa a unguwa daga indararo su ke farawa.

Domin daidaita tsayi, tiyo mai haske cike da ruwa ya isa, gama ruwa a bakinsa biyu kullum daidai ya ke tsayawa. Domin kusurwa kuwa, ka kafa turaku, ka ja igiya, ka auna ƙafa 6 a wannan gefe, 8 a wancan. Tsakaninsu ya zama 10 cif. Ka kuma auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, sau biyu. Awon biyu su yi daidai.

Ginin ƙarfe ba shi da nauyi, don haka iskar farkon damina tana iya ɗaga shi. Kowane ginshiƙi yana bukatar ramin kankare mai zurfi, da kusoshin ƙarfe masu noti a dasa a ciki. Mai walda ya ba ka awon kusoshin a kan katako kafin a zuba kankaren, domin in ya bushe ba su matsawa. Kwaɓin da aka saba shi ne siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. A riƙa ba shi ruwa safe da yamma kwana 7, musamman da hunturu ko bazara. Cikakken ƙarfinsa sai kwana 28, don haka ka faɗa wa mai walda ranar zuba kankaren, ku ƙidaya tare kafin ya kawo ƙarafan.