Kunkurun Teku

Jama'a, kun san kififfiya. To, tana da babban ɗan'uwa a teku, can wajen Ikko. Sunansa kunkurun teku.

Da dare macen takan fito gaɓa. Ta haƙa rami cikin yashi, ta saka ƙwai kamar 100, ta binne. Bayan wata 2 'ya'yan su fito, su ruga ruwa. Tsuntsaye da kifaye sukan cinye yawancinsu.

Wanda ya tsira kuma, ga leda. In mun yar da ita a kogin Kaduna ko Binuwai, ruwa ya kai ta Kwara, Kwara ta kai ta teku. Kunkuru ya zaci abinci ce, ya haɗiye, hanjinsa ya toshe, ya mutu.

Saboda haka, kada mu zuba leda a kogi.