Yadda Ake Zaɓen Abarba da Ajiye Ta da Girki da Ita

Abarba tana cikin kayan marmarin da ake kawo mana daga kudancin ƙasar nan, kamar jihohin Edo da Kuros Riba. Asalinta kuwa daga Kudancin Amurka ne, Turawa ma ba su san ta ba sai a 1493. Shukarta takan yi shekara ɗaya da rabi ko biyu kafin ta yi ɗa, shi ma guda ɗaya tak.

Babban abin lura shi ne, abarba ba kamar ayaba ko mangwaro ba ce. Da zarar an yanko ta daga gona, zaƙinta ya tsaya ke nan. Ko ka ajiye ta mako guda, sai dai ta yi laushi, amma zaƙi ba zai ƙaru ba. Wanda ya sayi ɗanya ya yi asarar kuɗinsa.

Saboda haka in an aike ka kasuwa, kada ka yi cinikin biri a sama. Ɗauki abarbar ka ji nauyinta, gama mai nauyi ita ce mai ruwa. Sa'an nan ka sansana gindinta. In ka ji ƙamshi, ta nuna. In ka ji tsami, ta fara lalacewa. Ganyen kanta kuma ya kasance kore shar.

Wadda ba a fere ba takan yi kwana biyu ko uku a inuwa. In an yanka, sai a rufe a sa a firiji, kada ta wuce kwana huɗu. Inda babu firiji, a shanye ta a ranar. A guji yankakkiyar da aka bari a buɗe a kan tire, don ƙuda yana kawo zawo.

Iyayenmu mata kuma ga dabara. A cikin ɗanyar abarba akwai wani sinadari, burumelin, shi ne ke sa ƙaiƙayi a harshe, shi ne kuma ke tausasa nama. A jiƙa nama mai tauri da ruwanta kamar rabin awa kafin a ɗora tukunya. In ya daɗe fiye da kima, sai ya dagargaje. Zafin wuta yana kashe sinadarin, don haka abarbar gwangwani ba ta wannan aiki. Ɓawon ma kada a zubar. A wanke shi sosai, a tafasa da zoɓo da citta da kanumfari.

Ina fata 'yan'uwana ɗalibai za su gwada wannan a gida lokacin hutu.