Kowace Halitta da Mazauninta

Ya ku yara, in an tashi daga makaranta kowannenku yakan kama hanyar gida, domin a can ne zai sami abinci da ruwa da wurin kwana. To, haka yake ga duk abin da ke da rai. Wurin da halitta take samun ci da sha da mafaka, har ta hayayyafa, shi ake kira mazauninta.

Bari mu fara da Jega, a bakin Gulbin Zamfara. Cikin ruwan nan akwai tarwaɗa da ƙarfasa. In masunci ya jefa ƙarfasa bisa yashi, ba da jimawa ba sai ta mutu, gama ba ta iya numfashi sai cikin ruwa. Amma gaiwa tana da tata dabarar. In tabki ya ƙafe da rani, sai ta nutse cikin laka ta kwanta, har ruwan damina ya sauka.

Tsire-tsire ma haka suke. Shinkafa tana son fadama, gero kuwa sai jigawa. Albasar da Aliero ta yi suna da ita tana son ƙasa mai laushi da sanyin hunturu.

In kun bi ta gonakin Maiyama, ku dubi gawo. Shi kansa gida ne. Tsuntsaye suna sheƙa a rassansa, ƙwari suna ɓuya cikin ɓawonsa, awaki kuma suna cin 'ya'yansa da rani.

Shamuwa kuwa gidajenta biyu ne. Takan zo mana da farkon damina ta yi ƙwai, sa'an nan in ruwa ya ɗauke ta nufi kudancin Afirka.

Yanzu ku yi tunani. Wanda ya sare gawo, ko ya sa wa daji wuta, ko ya zuba guba cikin gulbi, ya rushe gidan halittu masu yawa. In kifi ya ƙare, me masunci zai kai kasuwar Jega? Saboda haka wanda ya kiyaye mazaunin halitta, abincinsa ya kiyaye.

Tambayoyi
1. Mene ne mazauni?
2. Yaya gaiwa take yi da rani?
3. Faɗi halittu uku da ke amfana da gawo.