Gyaran Murya a Tashar Maimaita Magana ta Wayar Iska

Zuwa ga Hakimai da Malamansu.

Ranku ya daɗe, akwai wasu mutane masu sha'awar wayar iska waɗanda ke riƙe da lasisi daga hukuma, suna magana da junansu ta ƙananan rediyo ba don neman kuɗi ba. Kowannensu yana da lambar kira: ta Nijeriya tana farawa da 5N, ta Jamhuriyar Nijar da 5U. Da yake rediyon hannu ba ya kai magana nesa, sukan kafa na'ura bisa dutse ko doguwar hasumiya, wadda ke karɓar magana ta sake aika ta nan take da ƙarfi. Ita ake kira tashar maimaita magana.

Amfaninta yana bayyana ran da wayar salula ta yanke. Kowa ya tuna ambaliyar Maiduguri ta watan Satumba 2024, sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle. A irin wannan rana, in aka ce "ku bi ta gabas" amma mai saurare bai ji sosai ba, ana iya rasa rayuka. Saboda haka ya kamata Hakimin da ke da tasha a ƙasarsa ya san abin da ke ɓata murya.

Yadda take aiki

Tashar tana da kunne, wato mai karɓa, da baki, wato mai aikawa, kuma suna aiki tare a lokaci guda. A zangon mita 2, wato megahaz 144 zuwa 146, akan raba mitar kunne da ta baki da kilohaz 600. Muryar da ake bukata ta wuce kuwa ita ce tsakanin haz 300 da 3000, don a nan kalmomi suke fita.

1. Murya mai fashewa

In magana ta fito da ƙarfi amma tana tsagewa, an buɗe ma'aunin ƙarfin murya fiye da kima. A irin wannan rediyo, ƙarfin murya shi ke karkata mitar daga mazauninta, kuma iyakar karkatar kilohaz 5 ce, ko 2.5 a ƙunƙuntar hanya. Mai gyara yakan aika sautin haz 1000 da karkata ta kilohaz 3, ya daidaita tashar har ta fitar da 3 ɗin daidai. Ƙa'idar ita ce abin da ya shiga shi zai fita, ba ƙari ba ragi. Wannan aiki na mai na'urar awo ne, kada a bar wani ya murɗa da ka.

2. Murya siririya ko toshasshiya

Kowane rediyo mai aikawa yana ɗaga siraran sautuka, mai karɓa kuma ya sauke su. In tashar ta ɗaga su karo na biyu ba tare da ta sauke ba, murya za ta fito kamar daga cikin gwangwani. In ta sauke ba ta sake ɗagawa ba, sai a ji kamar mutum na magana cikin tulu. Laifin yana wurin da aka haɗa kunne da baki, can za a duba.

3. Gurnani a ƙarƙashin magana

Wutar lantarkin ƙasarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, in na'urar ba da wuta ta tsufa sai kaɗawar ta shiga murya. Gwajinsa da sauƙi: a cire wutar gari, a bar tashar kan batir kaɗai. In gurnanin ya ɓace, an gane mai laifi. In bai ɓace ba, a duba ƙaramin sautin da ke buɗe tashar, wanda ke ƙasa da haz 300, ko matatar da ke tsare shi ta lalace.

4. Shuu da ƙaraf-ƙaraf

Wani lokaci bakin tashar yakan kurmantar da kunnenta, kamar mai busa kakaki da ake yi wa raɗa. Akwai tankunan ƙarfe da ke raba su. A sa wani na nesa ya yi magana, a kashe bakin, a saurara a kunnen. In shuu ɗin ya ragu, to, tankunan suna bukatar saiti, ko igiyar eriya ta lalace. Ruwan damina yakan shiga igiyar ta mahaɗa, tsatsa kuma takan sa ƙaraf-ƙaraf duk sa'ad da iska ta kaɗa. A naɗe mahaɗa kafin ruwan fari, a kakkaɓe ƙura bayan hunturu.

5. Laifin mai magana

Da yawa tashar lafiyarta lau. Mai magana ya danna, ya dakata daƙiƙa ɗaya, sa'an nan ya fara, don kada kalmar farko ta yanke. Ya riƙe rediyon a tsaye, inci biyu daga baki, ya yi magana a natse. Ihu ba ya ƙara nisa.

Aikin Hakimi da Malaminsa

Hakimi ya taimaka da wuri mai tudu da mai gadi, don ɓarayin batir da faifan hasken rana. Ya kuma gargaɗi jama'a cewa wanda ba shi da lasisi ba ya magana a wannan zango. Malami kuwa ya buɗe littafi, kowane mako ya rubuta rahoton masu lasisin gunduma: rana, ƙauye, halin sama, da makin ji daga 1, wato ba a gane kome, zuwa 5, wato tangaran. In ƙauye ɗaya ne ke kuka, a duba rediyonsa. In duka ne, a kira mai gyara, a miƙa masa littafin, domin da shi zai san inda zai fara.

Allah ya ja zamaninku. Haza wassalam.