Kafin Ka Ɗauki Dutsen Zuma da Babbar Kyamara

Duk wanda ya taso a Kano ko Zariya zai tuna mai hoton nan da ke cusa kai cikin baƙin ƙyalle kafin ya ce kada a motsa. Irin kyamarar tana nan har yau. Fim ɗinta falle-falle ne, inci 4 da 5, kuma a ganina babu abin da ke fito da zanen jikin dutse kamarta.

In kana Abuja, fara da Dutsen Zuma da ke Madalla a hanyar Kaduna, wanda ke jikin tsohuwar takardar naira 100. Dutsen Aso kuwa ka ƙyale shi tukuna, don yana dab da fadar shugaban ƙasa.

Kada ka je da hunturu, hazo zai cinye dutsen. Bari sai ƙarshen damina, Satumba ko Oktoba, ka yi sammako bayan ruwa ya wanke sama. In fim ɗinka baƙi da fari ne, sa ɗan gilashi mai ruwan lemo a bakin kyamarar, sama za ta yi duhu, gizagizai su fito sarai. Za ka ga hoton a kife a kan gilashin baya. Haka yake, kada ka ruɗe.

Wahalar tana wajen wanki. Fim baƙi da fari, kamar Ilford FP4, digiri 20 yake so a ruwan magani irin D-76, alhali ruwan tankin da ya wuni a ranar Maris ya zarce haka nesa. Zafi na gaggauta aikin maganin har hoton ya yi kaushi. Tanadi ƙanƙara da ma'aunin zafi. Fim kuma a duhu ƙirin ake taɓa shi. Jan ƙwan fitila na takardar hoto ne kawai.

Sai ƙura, wadda ta fi komai ɓata rai. Ƙwaya ɗaya ta hau fim kafin ɗauka, baƙin ɗigo ke nan a tsakiyar sama. Goge marfin fim kafin ka loda. Wajen shanya, yayyafa ruwa a banɗaki, rataye dodon hoton, ja ƙofa.

Ba sai ka sayi na'urar faɗaɗa hoto ba. Ɗora dodon a kan takarda, danne da gilashi, kunna ƙwai na 'yan daƙiƙoƙi, ka wanke. Ɗan'uwa, samu littafi ka riƙa rubuta daƙiƙoƙin da zafin ruwan kowane falle tun daga na farko.